Sharaɗin da Muke Rataya wa Zukatanmu

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai jujjuya zukata, Masanin abin da ƙiraza suka ɓoye. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi na Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, maza da mata, ina yi wa kaina da ku wasiyya da tsoron Allah. Nasihar yau a kan wani irin zance ce da ba ya rabuwa da bakinmu, a gida da kasuwa da bakin garka. "In ka sake faɗa mini haka, ba zan iya riƙe kaina ba." "In da kana ƙaunata, da ka zo." "Da na sani, da ban yi ba." "Ranar da na samu kaza, ranar hankalina zai kwanta." Ginin waɗannan maganganu ɗaya ne: an kafa sharaɗi, an rataya masa halin zuciya. Kowace ɗaya daga cikinsu da'awa ce, tana iya zama gaskiya, tana iya zama ƙarya. Mu kuwa ba mu cika tsayawa mu auna su ba, alhali a kan na ƙaryar ne ake kashe aure, a yanke zumunta, a yi wa Ubangiji ƙorafi.

Malamanmu na da sun bar mana ma'auni. Duk wanda ya durƙusa gaban malami a zaure ya san Ahalari, littafin tsarki da salla da ake farawa da shi. Shehu Abdurrahman al-Akhdari, mutumin yankin Biskra a ƙasar Aljeriya, wanda ake jingina wa littafin, shi ne ya tsara Sullam a shekara ta 941 bayan Hijira, waƙen da aka daɗe ana koyar da manɗiƙi da shi, wato ilimin auna hujja. Kafin shi, Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kuma sauka Katsina a ƙarshen ƙarni na 15 na Miladiyya, ya tsaya wa wannan ilimi lokacin da Imam Suyuɗi na Masar ya soke shi. Mu da sarautar garinmu ta fito daga Katsina, wannan gadon gida ne.

Masu manɗiƙi suka ce zance mai sharaɗi gaɓa biyu gare shi: wadda aka gabatar, ita ce sharaɗi, da wadda ta biyo, ita ce sakamako. Suka kuma raba shi gida biyu. Akwai wanda haɗin gaɓoɓinsa na dole ne, suna ce masa luzumiyya, kamar a ce in rana ta fito gari ya waye. Akwai wanda haɗuwarsu dace ce kawai, suna ce masa ittifaƙiyya: abu biyu sun zo tare, amma ɗaya bai haifi ɗayan ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da wannan bambanci a ranar da yake cikin baƙin ciki. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu a Madina, a shekara ta 10 bayan Hijira, aka yi kusufin rana. Mutane suka ce saboda mutuwar yaron ne. Ga uba mai makoki, ga magana mai girmama ɗansa, amma bai bar ta ta wuce ba. Ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su kusufi. Wanda ya ƙi yarda a ƙulla ƙarya tsakanin abu biyu ko da ƙaryar za ta ɗaga darajar ɗansa, shi ne abin koyinmu.

Mu fara da fushi. Mutum ya ce, "Ni fa haka Allah Ya yi ni, in an taɓa ni dole in rama." Ya mai da maganarsa luzumiyya. To mu gwada ta. Ga shi nan a babbar kasuwa ranar Litinin, Alhajin da ke ba shi kaya bashi ya tsare shi gaban mutane, ya wanke shi tas a kan kuɗin da suka yi jinkiri. Ya sunkuyar da kai, yana murza hularsa a hannu, yana cewa, "A yi haƙuri, Alhaji, Allah Ya huci zuciyarka." Da yamma ya dawo shago, yaronsa ya yi kuskuren canjin dala goma, sai mari da ashar. Maganar Alhaji ta fi kuskuren yaron zafi nesa ba kusa ba, amma can ya haɗiye, nan ya fashe. Ƙa'idar manɗiƙi a nan a fili take: in sharaɗi ya cika ko sau ɗaya sakamako bai zo ba, to haɗin ba na dole ba ne. Ashe akwai wani sharaɗi da ya ɓoye bai faɗa ba. Cikakkiyar maganarsa ita ce: in wanda na fi ƙarfi ya taɓa ni, zan rama. Wannan zaɓi ne, kuma a kan zaɓi ake hisabi.

Kada wani ya fahimci cewa ana hana zuciya ta ji zafi. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya yi dogon bayani a littafinsa Ihya'u cewa ba a tumɓuke fushi daga ɗan Adam, hora shi ake yi har ya bi hankali da shari'a. A wannan rasuwa ta Ibrahim hawaye sun zubo wa Annabi, ya kuma tabbatar da cewa zuciyarsa na baƙin ciki, amma harshensa bai furta komai ba sai abin da Ubangiji Ya yarda da shi. Gaɓoɓin uku ne ke nan: abin da ya faru, abin da ka ji a ƙirji, da abin da harshe da hannu suka aikata. Tsakanin na farko da na biyu ikonka kaɗan ne. Tsakanin na biyu da na uku akwai fili, kuma a filin nan addini ya ajiye maka magunguna: neman tsari daga Shaiɗan, yin shiru, zama in kana tsaye, alwala. Har waɗanda wahayi bai iske su ba sun hango wani abu daga wannan. Ifiktitus, wani masanin Girka da ya taɓa zama bawa a Rum kusan shekara 1900 da suka wuce, ya koyar da cewa hukuncin da mutum ya yanke wa abu shi ke tayar masa da hankali, fiye da abin kansa.

Inda wannan sharaɗi ya fi yi mana ɓarna shi ne cikin gidajen aure. Maigida ya dawo ciniki bai yi ba, ya tarar uwargida ta yafa mayafi za ta gidan suna a Bagalam. Ya ce ina za ki? Ta ce, "Malam, ai tun jiya na gaya maka." Ya ce bai ji ba. Magana ta ja magana, sai ya nuna zaure da yatsa ya ce, "In kika taka ƙofar nan, a bakin aurenki." Ita ma rai ya ɓaci, ta saɓa goyonta ta fita. Bayan Magariba ga shi durƙushe gaban liman, murya na rawa: "Malam, wallahi tsoratarwa kawai na yi." Ku sani, 'yan'uwa, mazhabobi huɗu sun tafi a kan cewa sakin da aka rataya a kan sharaɗi yana aukuwa in sharaɗin ya cika, kuma a Malikiyya fushin da bai gusar da hankali ba ba ya hana saki faɗawa. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a shekara ta 728 bayan Hijira, ya ga cewa in nufin mutum hani ne ko tsoratarwa, hukuncin rantsuwa ne da kaffara, kuma dokar Masar ta 1929 ta ɗauki kusa da wannan ra'ayi. Wanda ya faɗa cikin irin wannan ya tafi wurin malamai masana, kada ya yi wa kansa fatawa. Amma dubi abin da ya yi. Igiyar da Allah Ya damƙa masa amana, ya ɗaura ta a ƙafar matar da ita ma ke cikin fushi. Annabi ya hana alƙali yanke hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. Kai kuma ka yanke hukunci a kan makomar 'ya'yanka alhali idonka ya rufe.

Malaman Malikiyya sun kai ga wata mas'ala da ta fi wannan zurfi, tana nan a Mukhtasar na Shehu Halilu. Mutum ne ya rataya sakin matarsa a kan ko tana sonsa, ko tana ƙinsa. Ta yaya za a san sharaɗi ya cika? Babu shaida, babu alƙalin da ke leƙa zuciya, ita kanta tana iya faɗin abin da ba shi ne a ranta ba. Sai suka ce a umarce shi da rabuwa da ita saboda shakkar da ya jefa auren a ciki, masu sharhi kuma suka yi saɓani a kan ko za a tilasta masa in amsarta ta nuna sharaɗin ya cika. Ku dubi nauyin abin. Wanda ya jingina hukunci a kan abin da ke cikin zuciyar wani ya shiga hurumin da Allah kaɗai Ya san shi.

Wannan ya kai mu ga na biyu, wato karanta zukatan mutane da sharaɗi. Ɗan'uwanka ya wuce ka a kan babur a hanyar Tibiri bai ɗaga hannu ba. Nan take zuciya ta yi lissafi: in yana jin haushina ba zai gaishe ni ba; ga shi bai gaishe ni ba; ashe yana jin haushina. Ɗalibin da ya karanta Sullam zai gaya maka wannan lissafi bai haihu ba. Tabbatar sharaɗi na tabbatar da sakamako, korewar sakamako na kore sharaɗi, amma ganin sakamako ba ya tabbatar da sharaɗi, domin abu ɗaya yana iya samun dalilai da yawa. Wataƙila ƙura ta shiga idonsa, wataƙila daga asibiti yake da takardar magani a aljihu ba kuɗin saye. Haka wadda ta kira salular ƙanwarta ba a ɗauka ba, ta ce an raina ta. Allah Ya umarce mu a Suratul Hujurati, aya ta 12, da nisantar yawan zato, domin wani zaton laifi ne. Hausawa ma suka ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Akwai kuma ɗan'uwan wannan, wanda tsarinsa daidai ne amma tushensa ruɓaɓɓe. "In kana ƙaunata za ka saya mini kaza, ba ka saya ba, ashe ba ka ƙaunata." Mata na faɗa wa maza, iyaye na faɗa wa 'ya'ya, abokai na faɗa wa juna wajen rance. Lissafin ya tafi daidai, amma wa ya ce ƙauna ba ta rayuwa sai da wannan abin? Kai ka ƙirƙiri sharaɗin, ka ɗora wa bawan Allah, ka yanke masa hukunci da shi. Manomin da damina ta yi masa gardama yana iya son iyalinsa so na gaskiya, rumbunsa kuma babu hatsi. Ya 'yar'uwa, kada ki auna zuciyar mijinki da turmin zane. Ya ɗan'uwa, kada ka auna biyayyar matarka da murmushin da gajiya ta hana ta.

Na uku shi ne "da na sani." A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, aka kuma sake rufe iyaka bayan sauyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Kowa a garin nan ya san abin da ya faru a hanyar Ɗan Isa da Jibiya: motocin wake da aya sun tsaya, jari ya kwanta, masu bin bashi suna sallama a ƙofa. Mutane da yawa sun kwana suna juyi: da na tura kayan makon jiya, da yanzu ina cikin kwanciyar hankali. Auna wannan magana. Ka sauya abu ɗaya a cikin abin da ya wuce, ka kuma ɗauka sauran duka za su tafi yadda kake so: motar ba za ta lalace ba, 'yan fashi ba za su tare ta ba, naira ba za ta faɗi ba, mai saye ba zai cinye ka ba. Daga ina ka sami wannan tabbaci? Masana falsafa na zamani sun sha wahala a kan irin wannan zance. David Lewis na Amurka ya rubuta littafi guda a kansa a 1973, yana neman yadda za a tantance gaskiyar maganar da sharaɗinta bai taɓa aukuwa ba. Abin da ya ɗaure wa masana kai, kai ka yanke shi da tsakar dare, ka hana kanka barci da shi.

Bayan yaƙin Uhudu munafukai sun yi irin wannan magana a kan waɗanda suka yi shahada, cewa da sun bi shawararsu sun zauna gida da ba a kashe su ba. Allah Ya mayar musu da martani a Suratu Ali Imrana, aya ta 156 da ta 168, Ya nuna cewa wannan zance nadama ce kawai da ke cin zuciya, Ya kuma ƙalubalance su su kare kansu daga mutuwa in gaskiya suke faɗa. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi ya umarci mumini ya yi kwaɗayin abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, kada ya kasala, in kuma wani abu ya same shi ya mayar da shi ga ƙaddara, domin faɗin "da na yi kaza" yana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki. Ku lura da jerin: himma kafin abu ya faru, sallamawa bayan ya faru. Mu mun juya shi, kasala a gaba, ƙorafi a baya.

Ba kowane "da" ne aka hana ba. Imam Buhari ya ware babi a kan wanda ya halatta, kuma Annabi da kansa ya yi irinsa a Hajjin bankwana game da dabbar hadaya da ya koro. Wanda ake zargi shi ne mai jayayya da hukuncin Allah. Wanda ke haifar da tuba ko darasi alheri ne: manomin Jiratawa da ya ce da na gyara hanyar ruwa da wuri da zogalena bai bushe ba, sannan ya ɗauki fartanya ya gyara, ya amfana da nadamarsa. Ku kuma lura da inda "da" ɗinku ke kallo. Wasu masu bincike a Amurka sun nazarci fuskokin 'yan wasan Olimfik na Basalona na 1992, suka wallafa a 1995 cewa waɗanda suka zo na uku sun fi waɗanda suka zo na biyu nuna farin ciki. Na biyu yana tunanin saura kaɗan da ya zo na ɗaya, na uku yana tunanin saura kaɗan da ya tashi a tutar babu. Tun kafin wannan da ƙarnoni Annabi ya umarce mu mu dubi na ƙasa da mu a abin duniya, domin kada mu raina ni'imar Allah.

Na huɗu shi ne jinkirta natsuwa. Ɗan kabu-kabu na cewa ranar da babur ya zama nasa zai huta. Mai babur na cewa sai ya buɗe shago. Mai shago na hangen Alhazan da suka gaji arzikin gyaɗa da fataucin iyaka. Je ka tambayi Alhajin ko yana barci. Sharaɗin ya cika sau da yawa a rayuwar kowannenmu, sakamakon bai zo ya zauna ba, amma ba mu fasa gaskata maganar ba. Al-Kindi, masanin Bagadaza na ƙarni na 3 bayan Hijira, ya rubuta risala a kan korar baƙin ciki, ya ce yana zuwa ne daga rasa abin so ko kasa samun abin nema, kuma wanda ke son kada ya rasa komai a duniyar da komai nata ke gushewa yana neman abin da ba ya yiwuwa. Alƙur'ani ya siffanta masu wannan hali a Suratut Tauba, aya ta 58: yardarsu da fushinsu duka sun rataya a kan ko an ba su rabon sadaka ko an hana su. A aya ta 75 zuwa 77 ga wasu da suka yi wa Allah alkawarin sadaka da gyaran hali in Ya wadata su, da Ya ba su suka yi rowa, aka gadar musu da munafunci. A Suratul Hajji, aya ta 11, ga mai bauta a gefe, natsuwarsa na tare da samu, jarrabawa na zuwa ya juya baya. Wanda ke cewa sai ya yi kuɗi zai kula da mahaifiyarsa, ko sai ya huce zai gaishe da yayansa, ya binciki kansa da waɗannan ayoyi.

To wane sharaɗi ne ya dace da mumini? Suhaibu ya ruwaito, a Sahihu Muslim, cewa Annabi ya yi mamakin al'amarin mumini, domin daɗi na kai shi ga godiya, wuya na kai shi ga haƙuri, kuma kowanne alheri ne gare shi. Ku dubi ƙarfin wannan gini. Hali biyu ne suka raba rayuwa duka, babu na uku, kuma duk wanda ya zo, ƙarshensa alheri. Sannan sakamakon da aka ambata, godiya da haƙuri, aiki ne da ke hannun bawa, bai jira farashin kasuwa ko halin maƙwabci ba. Sharuɗɗanmu na ƙarya suna miƙa zukatanmu ga abin da ba mu da iko a kansa. Wannan kuwa yana barin abin da ke faruwa a hannun Allah, ya bar maka amsar da za ka bayar.

Saboda haka, ya bayin Allah, kafin "in" ko "da" ya fita daga bakinka a kan halin zuciya, yi masa tambaya. Haɗin nan na dole ne, ko na taɓa ganin ya warware? Abin da na gani a ɗan'uwana, ba shi da wani dalili sai wanda na zata? Sharaɗin nan Allah ne Ya gindaya shi, ko son raina? Nadamar nan za ta sa ni wani aiki, ko cin raina kawai za ta yi? Magidanta, ku cire kalmar saki daga cikin faɗa da tsoratarwa. Wanda ya ji ta taso masa ya fita ya yi alwala. Iyaye mata, kada ku rataya albarkarku a kan abin da 'ya'yanku ba su da hali. Wanda ya yanke gaisuwa da ɗan'uwansa a kan zato, ya je ya tambaye shi kafin Juma'a mai zuwa. Matasa masu karatu, a zaure ko a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ku koyi auna hujja, ku fara gwada ta a kan maganganun da kuke faɗa wa kanku.

Ya Allah, Ka tsare harsunanmu lokacin fushi, Ka wanke zukatanmu daga mummunan zato, Ka raba mu da nadamar da ba ta kai ga tuba. Ka sanya mu masu godiya a yalwa, masu haƙuri a tsanani. Ka zaunar da gidajenmu lafiya, Ka ba mu damina mai albarka, Ka buɗe wa 'yan kasuwarmu, Ka ba ƙasarmu Nijar da maƙwabtanta zaman lafiya. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.